Baƙaƙen fata da sureyalizim: kwaikwayon Turawa ne ko abinsu ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karanta Faransanci a jami'a, aji uku, an ba mu wasu baitoci na Aimé Césaire mu yi sharhi a kansu, malaminmu ya ce mawaƙin sureyalizim ne. Ni kuma da na duba intanet duk abin da nake gani na Turawa ne, agogo yana narkewa, mutum da tuffa a fuska. To ina ruwan baƙar fata da wannan abu? Kwaikwayo suka yi kawai ko akwai nasu a ciki? Kuma gaskiya waƙar ma ban fahimce ta ba."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki biyu ce a haɗe, ta farko ko baƙaƙen fata da suka shiga wannan harka 'yan amshin shata ne kawai, ta biyu kuma yaya ake karanta irin wannan waƙa. Ni zane nake koyarwa, amma na daɗe da Césaire a hannuna, kuma amsata a taƙaice ita ce ba kwaikwayo ba ne. Makami suka gani a hannun wasu, suka karɓa, suka yi wani yaƙi daban da shi. Amma bari in bi miki a hankali don kar ya zama da'awa kawai.

Shi dai sureyalizim a Paris aka raɗa masa suna. Kalmar wani mawaƙi Apollinaire ne ya ƙirƙiro ta a 1917, ma'anarta abin da ya ɗara zahiri, sannan André Breton ya fitar da takardar manufar tafiyar a 1924. Ki tuna lokacin an gama yaƙin duniya na farko ke nan, miliyoyin samari sun mutu, shi Breton ɗin ma a asibitin sojoji ya yi aiki yana ganin waɗanda yaƙi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai suka ce toh, idan wannan wayewa da lissafi da hankalin da Turai take taƙama da su nan suka kawo mu, to mu kam mun daina yarda da su, bari mu koma ga mafarki da abin da ke can ƙasan zuciya wanda mutum bai ma san yana ɗauke da shi ba. Suna rubutu ba tare da tsayawa gyara ba, suna haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa su ga me zai fito. Agogon da kika gani na Dalí ne, mai tuffa kuma Magritte, su ne suka yi suna a kasuwa, amma asalin tafiyar ta marubuta ce kuma akwai siyasa a cikinta tun daga farko. A 1925 sun fito fili sun goyi bayan mutanen Rif na Maroko da suke yaƙi da Faransa da Sifaniya ƙarƙashin Abdulkarim, a 1931 kuma da aka yi babban baje kolin mulkin mallaka a Paris, inda aka kwaso mutane daga ƙasashen da aka mallaka ana nuna su, sai suka raba takarda suna cewa kar kowa ya je. Wannan shi ya sa ɗaliban baƙar fata da ke Paris suka fara kallonsu da wani ido.

Ciwon da ya kai su can

Kinga Martinik, ƙasar su Césaire, ɗan tsibiri ne a yankin Karebiyan da ke hannun Faransa, yawancin mutanensa jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka don noman rake, sai a 1848 aka soke bauta a can. Makaranta kuwa aikinta ɗaya, ta mayar da yaro Bafaranshe. Masu ilimin cikinsu in za su rubuta waƙa sai su kwaikwayi tsohon salon Faransa, su yi ta yabon furanni da teku da iska mai daɗi, alhali a bayan gidansu mutane na mutuwa da yunwa a gonar rake. A 1932 wasu ɗalibai 'yan Martinik a Paris, cikinsu akwai Étienne Léro da René Ménil da Jules Monnerot da wata mace Simone Yoyotte, suka fitar da mujalla mai suna Légitime Défense, wato kare kai na halal. Fitowa ɗaya tak ta yi, amma a ciki suka ce su sun rungumi sureyalizim da tunanin Marx, kuma Léro ya faɗi wata magana da har yau in na tuna ta sai jikina ya yi sanyi, ya ce marubucin yankinsu abin alfaharinsa shi ne Bature ya karanta littafinsa daga farko har ƙarshe bai gane launin fatarsa ba.

To kin ga bambancin tun daga nan. Shi Bature ɗan Paris yana gudun hankalin gidansu ne, ya gaji da shi. Shi kuwa ɗan Martinik wannan hankalin ba ma nasa ba ne, ɗora masa aka yi da bulala da makaranta, har yana jin kunyar kakarsa da harshen da ake yi a gida. In ya fasa wannan rufin ba wasa yake ba, kansa yake nema. Césaire da bakinsa ya faɗi haka a hirar da ya yi da mawaƙin Haiti René Depestre a 1967, ya ce a sama-sama su Faransawa ne, amma in aka nutsa ƙasa abin da za a tarar baƙar fata ne, kuma sureyalizim ya zama masa abin da ya tarwatsa Faransanci da shi.

Césaire da keken ɗinki

An haifi Césaire a 1913 a Basse-Pointe, ya tafi Paris karatu a 1931, a can ya haɗu da Senghor na Senegal, ya kuma sake haɗuwa da Léon Damas na Guyana ta Faransa wanda ya sani tun suna makaranta a Martinik, su ukun nan ne ake dangantawa da negritud, wato tsayawa da alfahari a kan zama baƙar fata. Doguwar waƙarsa da na tabbata daga cikinta aka ciro muku baitocin, Cahier d'un retour au pays natal, littafin komawa ƙasar haihuwa, ta fara fitowa a 1939. Ki riƙe wannan shekarar da kyau, zan dawo kanta.

Ga misalin da nake bai wa ɗalibaina kullum. 'Yan sureyalizim na Paris suna da wata jimla da suke ji da ita sosai, ta wani tsohon mawaƙi Lautréamont, inda ya kwatanta kyau da haɗuwar keken ɗinki da lema a kan teburin da likitoci ke feɗe gawa. Abin da ya burge su shi ne babu abin da ya haɗa ukun, haɗuwa ce ta katsam, sai ƙwaƙwalwa ta yi tartsatsi. To shi ma Césaire akwai keken ɗinki a waƙarsa, Singer ma kuwa, irin wanda muka taso muna gani a ɗakunan iyayenmu. Amma nasa keken na mahaifiyarsa ne, a wani ɗan ƙaramin gida mai wari da ɓeraye, ƙafafunta suna taka keken dare da rana saboda yunwar 'ya'yanta da ba ta ƙarewa, har yakan farka cikin dare ya ji keken yana cizon naman dare. Dare ba shi da nama, keke ba ya cizo, nan ne sureyalizim ɗin yake. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da uwa take ɗinkin sallah har asuba don a samu na cefane ya san wannan cizon, ba sai an fassara masa ba. Wallahi duk lokacin da na karanta wurin nan sai na tsaya. Keke ɗaya ne, a Paris abin mamaki ne, a Martinik abincin gida ne.

Akwai kuma wani wuri da mai waƙar yake ba da labarin wani dare a cikin motar haya, ga wani ƙaton baƙin mutum talaka da wahala ta lanƙwasa, wasu mata suna masa dariya, shi kuma ɗan boko sai ya juya ya yi musu murmushi, ya nuna yana tare da su. Ya tona wa kansa asiri a waƙar, ya kira abin ragwanta. Wanda yake kwaikwayo don ya burge Turawa ba ya rubuta irin wannan.

Yadda Breton ya tarar da su

Césaire ya koma gida a 1939 tare da matarsa Suzanne, suna koyarwa a Fort-de-France babban birnin tsibirin, Frantz Fanon, marubucin nan mai adawa da mulkin mallaka, shi ma yana cikin yaran da suka ratsa ta hannunsa. Yaƙin duniya na biyu ya zo, tsibirin ya faɗa hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, wani Admiral Robert yana mulki da takura. A cikin wannan halin ne su biyun da René Ménil suka kafa mujallar Tropiques a 1941. A shekarar ne kuma Breton ya gudo daga Marseille a jirgin ruwa zai tafi Amurka, jirgin ya tsaya a Martinik, ya shiga wani shago zai saya wa 'yarsa ribom, sai ya ga mujallar a ajiye, ya buɗe, ya kasa ajiyewa. Mai shagon 'yar uwar Ménil ce, ita ta haɗa su. To ki lissafa, waƙar ta fito 1939, haɗuwar 1941. Ba Breton ne ya koya masa ba, tarar da shi ya yi ya riga ya yi nisa. Gaskiya ne Césaire ya sha karatun Rimbaud da Lautréamont, amma ya sha na baƙaƙen Amurka irin su Langston Hughes da Claude McKay ma, kowa da inda ya ɗebo ruwansa.

Suzanne Césaire ita ce wadda aka fi zalunta a tarihin nan, kuma ke da kike mace ina so ki neme ta. Maƙaloli bakwai ta rubuta a Tropiques, tana koyarwa tana renon yara, kuma a ganina ita ta fi kowa fayyace me sureyalizim zai yi wa baƙar fata. Ta yi kaca-kaca da waƙoƙin yabon furanni, ta kira su adabin sukari da na 'yan yawon buɗe ido, ta ce waƙar Martinik ko dai ta zama mai cin naman mutane ko kuma kar ta wanzu sam. Kar kalmar ta tsorata ki. Turawa sun daɗe suna zagin mutanen yankin da cin naman mutane, sai ta ɗauki zagin ta juya shi, tana nufin za mu cinye adabinku mu narkar da shi a cikinmu ya zama jininmu, ba za mu sa shi kamar rigar aro ba. Amsar tambayarki ta farko ke nan daga bakin mai abin. A 1943 masu tace rubutu suka hana mujallar takardar bugawa, suka zarge ta da neman juyin juya hali da wariyar launi, su kuma suka mayar da martani a rubuce ba tare da ba da haƙuri ba. Kuma kin ga wani amfanin salon a nan, maganar da aka lulluɓe da hotuna masu wuyar ganewa takan wuce ta gaban ɗan sanda bai gane da shi ake ba, kamar dai yadda habaici yake a wajenmu. Ta rasu a 1966, bayan Tropiques ba ta ƙara buga wani abu ba.

Ɓangaren zane

Nan ne fagena. A jirgin nan da ya kawo Breton akwai wani mai zane ɗan Kuba, Wifredo Lam, an haife shi a 1902, mahaifinsa ɗan Sin ne, mahaifiyarsa kuma jinin Afirka da Sifaniya. Uwar goyonsa babba ce a addinin Santeriya, wanda tushensa na Yarbawa ne da bayi suka tsallaka da shi, har yau suna kiran Shango da Ogun a can. Ya yi shekaru a Sifaniya, ya zo Paris a 1938 ya yi abota da Picasso, da ya koma Kuba a 1941 sai ya ga baƙaƙen ƙasarsa sun zama abin nishaɗin 'yan yawon buɗe ido. Sai ya zana La Jungla a 1943, zane ne babba, tsayinsa ya fi mita 2. Sunan yana nufin kurmi amma in kika zuba ido ba kurmi ba ne, karan rake ne a tsaitsaye, ga wasu halittu huɗu a cuɗe da karan, ƙafafu manya-manya a dafe da ƙasa, fuskoki kamar sassaƙen dodanni, ba ki iya cewa nan jiki ya ƙare nan rake ya fara, can sama a gefe ɗaya kuma hannu riƙe da almakashi. Mutanen da aka mayar da su rake, abin da nake gani ke nan. Gidan zane-zanen zamani na New York ya saye shi, amma ya yi shekaru a rataye a hanyar wucewa kusa da inda baƙi ke ajiye kwat, ba a cikin manyan ɗakuna tare da su Picasso ba, har wani mai sharhi John Yau ya yi rubutu a kan haka a 1988. Ni a littafi da allon kwamfuta kawai na san zanen nan, kuma zane mai girman bango dole akwai abin da yake ɓacewa in an matse shi a shafi, don haka ki ɗauki bayanina da wannan a rai.

A Haiti kuma abin har ya taɓa kujerar mulki. Breton ya je can a Disamba 1945 ya yi lacca, wasu samari masu jaridar La Ruche, su Depestre da Jacques Stephen Alexis, suka fitar da bugu na musamman, gwamnati ta kwace ta kama wasunsu, ɗalibai suka fito zanga-zanga, ma'aikata suka bi da yajin aiki, a Janairu 1946 shugaba Élie Lescot ya faɗi. Wasu sukan ba da labarin kamar laccar Bature ce ta kayar da gwamnati, wannan ƙarin gishiri ne, tukunyar ta daɗe tana tafasa.

Inda nake da ja

Ba zan ɓoye miki ba, su ma Turawan tafiyar ba su kuɓuta daga kallon Afirka a matsayin abin ban mamaki ba. A 1931 ɗin da suke cewa kar a je baje kolin mulkin mallaka, a shekarar Breton da abokinsa Éluard suka yi gwanjon sassaƙe-sassaƙen Afirka da na wasu yankuna da suka tara. Sannan akwai Hector Hyppolite na Haiti, malamin addinin Vodu ne mai fentin gidaje, yana zane har da gashin kaza, Breton ya ga aikinsa ya saya ya yaba. Amma shi Hyppolite abin da ya yi imani da shi yake zanawa, a wajensa zahiri ne, ba mafarki ba. In ka kira shi ɗan sureyalizim ka sa masa hular da bai ɗinka ba. Haka ma Amos Tutuola na nan Najeriya, littafinsa na mashayin bammi ya fito a 1952, Raymond Queneau wanda tsohon ɗan tafiyar ne ya fassara shi zuwa Faransanci, amma Tutuola daga tatsuniyoyin Yarbawa ya ɗebo, bai jira Paris ba. Don haka ni nakan raba su gida biyu, waɗanda suka ɗauki sunan da kansu suna sane, irin su Césaire da Ménil da Lam da kuma Ted Joans, mawaƙi baƙar fata Ba'amurke da ya ce kiɗan jaz ne addininsa sureyalizim kuma mahangarsa, wanda ya riƙa zama a Tambutu ta Mali wani ɓangare na shekara, da kuma waɗanda aka liƙa musu sunan daga waje. Kuma tunda mu musulmi ne gara in faɗa, da yawa daga 'yan Paris ɗin ba ruwansu da addini, wasu ma gaba suke da shi. Karanta su da fahimtar dabarar aikinsu bai wajabta miki ɗaukar aƙidarsu ba.

Yadda za ki karanta waƙar

Matsalar da nake gani wajen ɗalibai ita ce suna ɗaukar ƙamus su bi kalma-kalma suna neman ma'ana ɗaya kamar lissafi. Césaire yana da kalmomin da Bafaranshe ma sai ya duba ƙamus, wasu na ilimin tsirrai, wasu shi ya ƙera su, kar ki ga laifin kanki. Ki fara karantawa da ƙarfi, a tsaye, sau biyu ko uku, kamar mai kirari, za ki ji wata jimla tana ta dawowa, wadda take nufin a ƙarshen asuba, ita ce gangar da waƙar take takawa a kai. Bayan nan sai ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin abubuwan da ido zai iya gani kawai, dutse mai aman wuta, gyambo, jirgin bayi, rana, bishiya, ki duba wanne yake kwance wanne yake tsaye, domin waƙar gaba ɗaya tafiya ce daga kwanciya zuwa miƙewa. Ai mu ma kunnenmu ya saba da irin wannan haɗi, yaron da ya san baba na ɗaka gemu na waje ya riga ya san a ɗauki wuta da hayaƙi a mayar da su tsoho mai gemu. Bambancin kawai kacici-kacici amsarsa ɗaya ce kuma mai tambaya ya san ta, hoton Césaire kuwa a buɗe yake.

A ajina akwai wasan da nake sa yara su yi wanda 'yan Paris ɗin suka ƙirƙiro, a naɗe takarda gida huɗu, na farko ya zana kai ya rufe, na biyu ya zana ƙirji bai ga na farko ba, haka har ƙafa, sannan a buɗe. Ted Joans ya yi irin wannan a doguwar takarda da ya fara a 1976 yana yawo da ita ƙasa-ƙasa, mutum 132 suka sa hannu. Ranar da muka fara yi wani yaro ya zana buta a matsayin kai, na biyu ya zana jikin janareta, na uku ya sa zanin atamfa, na ƙarshe ƙafafun zakara. Aka yi ta dariya, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce Malam ai wannan unguwarmu ce da asuba. Ajin ya yi tsit. Babu wanda ya yi niyyar zana unguwa a cikinsu, amma kowa abin da ya kwana da shi ya tashi da shi ne ya fito ta hannunsa.

Ki gwada wannan da ƙawayenki kafin ki zauna rubuta sharhin, da zane ko da jimloli, minti 10 ya isa. Sannan in kin zo rubutun ki fara da baiti ɗaya da ya taɓa ki ko da ba ki gama gane shi ba, ki faɗi me kika gani a cikinsa, wa yake magana, a ina yake tsaye, me yake masa ciwo. In wurin keken ɗinkin yana cikin abin da aka ba ku to ki fara daga nan, in kuma wani wurin ne ki turo min baitocin mu duba su tare.